Allah Ya Gafarta Malam, Ko Maxima Ɗin Ba Ita Kaɗai Take Aiki Ba

Makalar da wani malamin lissafi mazaunin Unguwar Rogo, a nan Sakkwato, ya fitar kwanakin baya ta yi yawo a hannun ɗalibai, wasu kuma sun karɓe ta hannu bibbiyu. Abin da ya ce shi ne ɗalibin lissafi ya kama manhajar aljabra guda ɗaya, shi Maxima ya zaɓa masa, ya tsaya a cikinta, duk abin da ba ta iya ba ya zauna ya rubuta da hannunsa. Wannan sabon yayi na jona manhaja da taskokin lissafi na waje irin su FLINT da NTL, don su yi mata aikin matiris mai folinomiyal, Malam ya kira shi lalaci da ci da gumin wasu. Ya ce yaro ba zai koyi komai ba. Ya ce a wurin jonin ne kuskure ke shiga. Ya kuma ce mu da ke fama da ɗauke wuta da tsadar data ba mu da halin wannan tsarabe-tsarabe, har ya kawo labarin wani ɗalibi a unguwarsu da ya ƙarar da datarsa wajen girka SageMath, gari ya waye bai warware ko tambaya ɗaya ba.

Malam ya girme ni a wannan fage, kuma kishin yaran nan ne ya sa shi magana, ba wani abu ba. Amma, Allah ya gafarta Malam, hujjar da ka fi jingina da ita, wato ƙarancin kayan aikinmu, ita ce ta fi kowace kayar da maganarka.

Ga mai karatun da ya rabu da lissafi tun sakandare: manhajar aljabra ita ce wadda ke lissafi da haruffa, ba da lambobi kaɗai ba. Ka ba ta (x+1)(x−1), ta mayar maka da x² − 1, ba tare da ta tambaye ka nawa ne x ba. Irin waɗannan jimloli na x da ƙarfinsa su ne folinomiyal, ƙarfin x mafi girma a ciki kuma shi ne darajarsa. Matiris kuwa jadawali ne mai layukan kwance da na tsaye, kowane gida da abin da ke cikinsa. Jera lambobi gida-gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu al-Katsinawi ya yi rubutu kan tsara hatimin lambobi a 1732, kafin rasuwarsa a Alƙahira a 1741. Bambancin shi ne a nan kowane gida folinomiyal ne ke zaune a ciki. Duk ɗalibin da ya kai aji biyu a sashen lissafi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya taɓa irin wannan matiris ko bai san sunansa ba, domin xI − A da ake neman ditaminan ɗinsa (adadi guda da ake fitarwa daga gidajen matiris) a kowace jarrabawa shi ne. Injiniyoyi masu tsara na'urorin da ke daidaita kansu da shi suke aiki, haka masu gyara saƙon da ya lalace a hanya. Alamar QR da ake karantawa da waya ko gefenta ya goge, dabarar Reed da Solomon ta 1960 ce ke ceto ta, kuma hanyoyin zamani na warware irin wannan dabara a kan sauƙaƙa matiris mai folinomiyal suke tsaye.

Mu ɗauki ƙarami. Layin farko x+1 da x, layi na biyu x da x−1. Ditaminan ɗinsa (x+1)(x−1) a cire x², amsa −1. Wannan ko a bayan ambulan an yi shi. Matiris mai layi uku ko biyar ma Maxima za ta yi kafin ka ɗauke yatsa daga maɓalli, kuma a nan ba ni da ja da Malam: ɗalibin da ke furojet kan yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro da matiris mai layi biyar ba ya bukatar jona komai da komai.

To amma a ƙara masa girma. A ce layi 20 kwance, 20 tsaye, kowane gida folinomiyal mai daraja 5. Idan yaro ya bi hanyar da aka koya masa a allo, ta faɗaɗa ditaminan layi bayan layi, jimlolin da zai tara sun haura biliyan biliyan biyu. Ko kwamfutarsa na gama jimla biliyan ɗaya a daƙiƙa guda, sai ta yi shekara 77. Yaro mai wayo zai ce a'a, a bi hanyar Gauss, a riƙa share gidajen da ke ƙasa. Da kyau. Sai dai don gudun rabawa zai riƙa ninka layi da layi yana cirewa, kowane zagaye kuma darajar folinomiyal ɗin ninkuwa take yi biyu. Daga 5 zuwa 10, zuwa 20, zuwa 40. A zagaye na 19 ta kai 2,621,440, alhali amsar gaskiya darajarta ba ta wuce 100 ba. Wannan kumburi shi ne ciwon da ke damun duk mai lissafin haruffa da kwamfuta. Amsa ƙarama ce, tambaya ƙarama ce, amma abin da ke tsakani ya cika ma'ajiyar na'ura, fanka ta kama kuka, komai ya tsaya cak.

Erwin Bareiss ya nuna a 1968 cewa a kowane zagaye akwai abin da ke raba sababbin gidajen daidai ba ragowa, wato jagoran zagayen da ya gabata, kuma idan aka raba da shi darajar ba za ta taɓa wuce 100 ɗin nan ba. Akwai kuma wata hanyar da ta fi burge ni. Tunda mun san darajar amsa ba ta wuce 100, sai a cusa wa x lambobi 101 mabambanta, kowane karo matiris ɗin ya koma na lambobi zalla, a nemo ditaminan ɗinsa da ninki wajen 2,700, sannan a haɗo folinomiyal ɗin daga amsoshi 101. Idan ana aiki da ragowar rabawa da wata babbar lamba wadda ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya, duka aikin bai fi ninki rabin miliyan da 'yan kai ba. Daga shekara 77 an dawo ƙiftawar ido, a kan laftof ɗaya. FLINT tana ɗauke da hanyoyin nan biyu, kuma ita ke duba girman matiris ta zaɓi wadda ta dace.

Na san amsar Malam: to ai ɗalibi na iya rubuta wannan da kansa a cikin Maxima. Yana iyawa, kuma ya kamata ya yi, zan dawo kan wannan. Amma ƙarƙashin Bareiss akwai ninka folinomiyal da folinomiyal, ƙarƙashin wannan kuma akwai ninka lambobi masu ɗaruruwan alƙaluma. A nan ake samun dabarar Karatsuba ta farkon shekarun 1960 da ta Schönhage da Strassen ta 1971, da sanin daidai girman da ya kamata a bar wannan a koma waccan. Taskar GMP, wadda Torbjörn Granlund ya fara fitarwa a 1991, fiye da shekara talatin ke nan ana goge ta, har an rubuta wa nau'o'in ƙwaƙwalwar kwamfuta da dama nasu umarnin. Wannan ne Malam ke so yaron da ke da zangon karatu biyu ya sake ginawa kafin ya fara taɓa ainihin tambayarsa?

Abin da ya fi ba ni mamaki a makalar shi ne yadda aka ɗauki Maxima kamar wata gwauruwa mai yi wa kanta komai. Asalinta Macsyma ce da aka fara a MIT ta Amurka a 1968. William Schelter na Jami'ar Texas ya riƙe wani reshe nata tun 1982, ya samu izinin sakin ta kyauta a 1998, ya rasu a 2001. A kan harshen Lisp take zaune, kuma injin Lisp ɗin wasu ne daban suka gina. Duk zanen da Malam ke haskawa ɗalibai, Gnuplot ce ke zana mata. Tagar da yake rubutu a ciki, wxMaxima, ita ma aikin wasu ne. A cikinta akwai QUADPACK da LAPACK, tsofaffin taskokin Fortran da aka juyo mata. Manyan na kuɗi ma haka: Maple ta Jami'ar Waterloo a Kanada da Mathematica ta Stephen Wolfram duk GMP suke miƙa wa lissafin manyan lambobi. MATLAB da injiniyoyinmu ke ji da ita, Cleve Moler ya ƙirƙiro ta ne a ƙarshen shekarun 1970 a Jami'ar New Mexico don ɗalibansa su samu amfani da taskokin LINPACK da EISPACK ba tare da sun sha wahalar Fortran ba. Wato malami ne ya ga ɗalibansa na wahala, ya gina musu hanyar isa ga taskar waje, ainihin abin da Malam ke kira lalaci. Sashen haruffa na MATLAB ɗin ma injin Maple ya yi ta aro har 2008, sannan ya koma MuPAD. SageMath da William Stein ya fara fitarwa a 2005 laifinta kawai shi ne ba ta ɓoye ba: ta fito fili ta ce ni haɗin gambiza ce, ga Maxima a cikina, ga GAP, ga PARI ta Bordeaux, ga Singular ta Kaiserslautern, ga FLINT da NTL da LinBox, Python ce igiyar da ta ɗaure mu.

A garin nan da aka san shi da fata tun kafin zuwan Turawa, ba wanda ya taɓa ce wa baduku malalaci don ya sayi jemammiyar fata a hannun majemi. Jima sana'a ce, dukanci sana'a ce, kuma badukun da ya ce sai ya jeme da kansa kafin ya ɗinka, sallah za ta zo ta wuce bai fitar da takalmi ko ƙafa ɗaya ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya san fata mai kyau idan ya taɓa ta.

Mu dawo kan wuta da data. Mai babbar na'ura a ɗaki mai sanyi a Jamus ko Faransa shi ne ke da halin yin sakaci, ya bar lissafi mara inganci ya kwana yana gudu, da safe ya zo ya tarar da amsa. Yaron Unguwar Rogo da ke da tsohon laftof na hannu, batir ya gaji, ga zafin watan Afrilu da ke haura maki 40, shi ba shi da wannan gata. Lissafin da zai ci awa shida ba zai taɓa ƙarewa a hannunsa ba, domin ko wuta ba ta tafi ba na'urar za ta yi zafi ta kashe kanta. Wanda zai ƙare cikin daƙiƙa goma kuwa ko a wurin mai cajin waya an yi shi. Wa ya fi bukatar taska mai sauri a cikin su biyun? Ga kuma batun kuɗi. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, lasisin da ake biya da Dala ya ƙara nisa da aljihun ɗalibi da na sashensa. FLINT da NTL da GMP da Sage duk kyauta ne, kuma a buɗe suke, kowa na iya karanta abin da ke cikinsu. Data sau ɗaya ake kashewa wajen sauke su. Jinkirin lissafi kuwa kullum ake biyan sa.

Inda Malam ya taɓo gaskiya shi ne maganar joni, kuma ni zan ma ƙara masa hujja. Ɗauki x² + 2x + 3. FLINT tana ajiye lambobinsa daga ƙasa zuwa sama: 3, 2, 1. MATLAB kuwa daga sama take farawa: 1, 2, 3. Wanda ya kwashi jerin daga nan ya zuba can bai juya ba, folinomiyal ɗinsa ya koma 3x² + 2x + 1, kuma ba wata ƙararrawa da za ta kaɗa. Harshen C yana jera matiris a ma'ajiya layin kwance bayan layin kwance, Fortran kuma layin tsaye bayan layin tsaye, don haka matiris na iya ƙetarawa ya isa a kwance alhali a tsaye ya taso. Mugun abin shi ne ditaminan bai damu da wannan juyi ba, amsa ɗaya yake bayarwa, saboda haka mai gwada joninsa da ditaminan kaɗai zai yi barci da murna, sai ranar da ya nemi wani abu daban ta fashe masa. Wata taska daga sifili take fara ƙidaya, wata daga ɗaya. Daidaitattun siffofin da ake mayar da matiris gare su, ta Hermite ta 1851 da ta Popov ta 1972, wani marubuci ta layin kwance yake fassara su, wani ta layin tsaye, kuma kowa yana da gaskiya a littafinsa. Akwai kuma asarar lokaci. A farkon Sage, da rubutu take magana da Maxima: ta rubuta mata tambaya kamar mutum ne ke bugawa, ta jira, ta karanta amsa. A ƙaramin aiki, juya folinomiyal zuwa rubutu da dawo da shi kan ci lokacin da ya fi na lissafin kansa. Shi ya sa daga baya aka koma kiran taskokin kai tsaye a cikin ma'ajiya ɗaya, ta hanyar Cython ga irin su FLINT.

Duk wannan gaskiya ne. Amma tsayawa a manhaja ɗaya ba ya tsare kowa daga kuskure, rufe masa ido kawai yake yi. A 2014 mujallar Notices ta Ƙungiyar Masana Lissafi ta Amurka ta buga rahoton wasu masana uku 'yan Sifaniya, Durán da Pérez da Varona, da suka tarar Mathematica na ba da ditaminan na ƙarya ga wasu matiris masu manyan lambobi, har matiris ɗaya a tambaye ta sau biyu ta ba da amsa biyu. Yadda suka gano shi ne abin lura: ɗaya na aiki da Mathematica, ɗaya da Maple, sai amsoshi suka saɓa. Da sun bi shawarar Malam sun tsaya a manhaja guda, da wataƙila sun buga ƙarya da sunan bincike.

Kuma a wannan fanni, duba amsa ya fi nemo ta arha nesa ba kusa ba. Taska ta ba ka folinomiyal mai daraja 100 ta ce shi ne ditaminan. Zaɓi lamba ɗaya da ka, daga cikin lambobi biliyan guda. Cusa ta a matiris ɗinka na asali, tun kafin ya ƙetara jonin, ka nemo ditaminan na lambobi da ɗan furogiram ɗinka. Cusa ta kuma a amsar da aka ba ka. Idan amsar ƙarya ce, bambancinta da ta gaskiya folinomiyal ne da ba zai zama sifili a fiye da wurare 100 ba, don haka damar ƙarya ta tsallake wannan gwaji ba ta wuce ɗaya cikin miliyan goma ba. Maimaita da wata lambar, shakka ta ƙare. Layi biyar na umarni ne. Wannan ya kamata a ce makalar Malam ta koya wa yara, maimakon tsoratar da su.

Saura batun koyo, wanda shi ne ya fi ci wa Malam tuwo a ƙwarya. Ni ma ba na son ɗalibin da bai san komai ba sai danna maɓalli. A sa shi ya yi matiris mai layi uku da biro. A sa shi ya rubuta hanyar Gauss ta ninke-ninke, ya ga kumburin da idonsa, ya ji fankar na'urarsa na kuka. Sannan ya rubuta Bareiss, ya ga sauƙi ya zo. Daga nan sai a buɗe masa FLINT, wadda William Hart da David Harvey suka fara a 2007, ya ɗora nasa kusa da nasu, ya auna lokaci, ya shiga cikin rubutunsu ya nemo dalilin da ya sa suka tsere masa. Gani ya kori ji. Yaron da ya bi wannan hanya ya fi wanda aka kulle a ɗaki ɗaya sanin Bareiss, domin ya ga inda dabarar ke ƙarewa da inda gwanintar rubutu ke farawa. Wanda bai taɓa auna aikinsa da na gwanaye ba, da me zai san ko ya iya?

Akwai ma abin da ya wuce koyo. Malam na son mu samu namu, mu daina zama 'yan karɓa. To ina ƙofar shiga? Ba za mu kamo GMP ba, an yi mana nisa. Amma jonin nan da yake ƙyama, shi ne wurin da har yau aiki ke kwance ba a gama ba. A 2019 Seung Gyu Hyun da Vincent Neiger da Éric Schost suka gabatar da PML, taska ta musamman don matiris mai folinomiyal, wadda suka gina a kan NTL ta Victor Shoup, ɗauke da hanyoyi na zamani da manyan manhajoji da yawa ba su da su. SymPy, manhajar aljabra ta Python da ɗalibanmu suka fi saurin samu, sai a 2024 ta fara iya jingina da FLINT. Kowace irin wannan gada tana bukatar mai juya bayanai daga siffa zuwa siffa, mai rubuta gwaje-gwaje, mai rubuta bayani, mai gano inda layin kwance ya koma na tsaye. Ba a bukatar babbar na'ura, ba a bukatar biza. Ana bukatar wanda ya san aljabra, ya san ɗan C da Python, yana kuma da haƙuri. An yi taron horarwa na Sage a Jami'ar Ibadan a 2019, cibiyar AIMS da aka buɗe a Afirka ta Kudu a 2003 kuma ta daɗe tana koyar da ɗalibanta da Sage. Ban ga abin da zai hana ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ɗauki aiki guda daga cikin PML, ya jona shi da Sage ko SymPy, ya gwada shi da kyau, ya miƙa wa masu kula da manhajar ba. Idan suka karɓa, aikinsa ya shiga kwamfutar duk mai amfani da ita a duniya. A gwada wannan da furojet ɗin da aka rubuta Gauss karo na dubu, aka ɗaure shi da baƙin bango, aka jibge a kabad.

Shi kuwa ɗalibin da ya ƙarar da datarsa, na tausaya masa, domin girka Sage aiki ne, musamman a kan Windows inda sai an bi ta cikin Linux. Amma abin da labarinsa ya nuna shi ne an bar yaro shi kaɗai da aikin da ya kamata sashe ya yi sau ɗaya. Mutum ɗaya ya sauke a inda intanet ke da ƙarfi, a zuba a filash, a rubuta sigar kowace taska a jiki don kada na wannan ya saɓa da na wancan, filash ɗin ya zagaya aji. Wanda na'urarsa ba za ta ɗauki Sage ba, python-flint, wato FLINT ta cikin Python, ƙarama ce, da umarni ɗaya ake girka ta.

Ina roƙon Malam abu ɗaya. A ajinsa na gaba ya haɗa matiris ɗin nan mai layi 20 da daraja 5, ya ba rabin aji su yi da abin da suka rubuta da hannunsu a Maxima, rabi kuma su miƙa wa FLINT, a kan laftof iri ɗaya, a cire caja daga bango. Idan an gama sai a ninka girman zuwa layi 40 a sake. Ya rubuta lokacin kowane ɓangare da abin da ya rage a batir, ya buga mana a makalarsa ta gaba.